Takunkumin Baba Kalli

Mahaifina Kalli, manomin tattasai, mutum ne da ke son ƙasarsa fiye da yadda ƙasar ta san da zamansa. Karatun lakwal, wato boko, da ya yi bai taka kara ya karya ba, kakana ya cire shi ya mai da shi bakin kogin Komadugu ban ruwa. Amma ɗan abin da ya tsinto a can ya riƙe shi gam har tsufa: taken ƙasa, da sunayen jihohi daga Agadas har Diffa, da wasu kalmomin Faransanci ɗai-ɗai da yake jefawa cikin zance in yana son ya rufe wa mutum baki. Ranar bikin ƴancin kai, ko gidan ba a ɗora tukunya ba, sai ya dasa itace. Rediyonsa kuwa, in ka ga ya ajiye ta, to alwala zai yi.

Ni ce Falmata, ƴarsa. Aurena ya mutu na dawo gida, ina ɗan haɗa humra da turaren wuta ina sayarwa, kuma tun da ƙafafun mahaifiyata Iya Fanna suka fara ba ta wahala, ni ke riƙe da murhu. Saboda haka abin da zan faɗa ba ji-ta-ji-ta ba ce. Tsakanin murhuna da tabarmar maza zana ɗaya ce, zana kuwa ba ta riƙe sirri.

A gona ba a kushe Baba. Ya san lokacin da fangali ke son ruwa da lokacin da ya ƙoshi, kuma in ya shanya tattasainsa a fili, fatake ba sa taya na wani sai sun fara leƙa nasa. Ba shi da rowa, ba ya cin amana. Bakinsa ne dai ke gaba da shi kullum, in ya faɗi magana a gaban mutane, ko ya gane kuskure ce sai ya bi ta har inda ta kai shi.

Abin dariyar shi ne, wannan mai kishin Nijar ɗin, uwarsa daga hayin kudu aka auro ta, wato ɓangaren Najeriya. Hular kansa daga Maiduguri take. Injin ban ruwansa, da man da injin ke sha, da buhunan da yake ɗura tattasai, da masu sayen tattasan, duk daga can. In na tsokane shi na ce, "Baba, in aka niƙa ka aka tankaɗe, rabin garin na Najeriya ne," sai ya harare ni ya ce ruwan kogi ma daga can yake gangarowa, amma da ya shiga gonarsa ya zama na Nijar.

Amininsa ma daga can yake. Baba Grema, dogo, mai sanyin magana, an haife shi a ƙauyen da ke fuskantar namu, kogi ne kawai a tsakani. In ruwa ya kawo su haye a kan manyan goruna, in ya janye su taka rairayi da ƙafa. Tare suka yi kiwon awaki, tare aka yi musu kaciya. Shekarar da tsutsa ta cinye irin Baba, daga fangalin Grema aka ciro dashe. Baba na kiransa Ingilishi, shi kuma yana kiran Baba Faransi, yadda tsofaffinmu ke kiran hayin biyu tun zamanin Turawa. Musu kuwa shi ne gishirin zamansu: wace ƙasa ta fi hanya, wace ta fi ɓarayi, wace ta fi iya ƙwallo, alhali ba wanda ya taɓa kallon ƙwallon a cikinsu. Baba ya yi ta kumfar baki, Grema ya bar shi sai ya gaji, sannan ya jefa masa kalma ɗaya ya ci gaba da sakacen haƙori.

A 2015 Boko Haram suka tashe mu, waɗanda a nan ba ma kiran sunansu, sai dai mu ce "yaran". Ba na son dogon zance a kan wannan. Duk wanda ke Diffa yana da nasa labarin, na wasu ya fi namu muni. Ƙauyukan biyu suka watse tare, muka zauna a Assaga ƙarƙashin tamfol, daga baya muka samu ɗan fili a gefen garin Diffa, ƙofar Baba Grema da matarsa Ya Mariama na kallon tamu. A wurin masu rabon agaji mu ƴan ƙasa ne da aka raba da gida, su kuma baƙi ne daga wata ƙasa, layinmu daban nasu daban. Baba ya samu aron gona a wurin wani ɗan'uwa ya koma tattasainsa. Grema ba shi da ƙasa, sai ƙwadago a gonakin mutane da saƙar zana.

A wancan lokacin, mutumin da ya fito daga hayi ba takarda ke wanke shi ba. Kowa na tsoron kowa. Ba a san wanda ɗansa ke daji ba, ba a san mai kai musu labari ba. Abin da mutane ke dubawa shi ne: wa ke cin abinci da shi? Ranar da Baba ya kai Grema gaban bulaman unguwa, abin da ya ce ke nan: "Wannan hannunmu ɗaya a kwano tun ba mu san wando ba." Bulama bai ƙara tambaya ba.

Ciyayya a wurinmu ta wuce cika ciki. Bayan magariba ake shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, a fili, inda mai wucewa zai gani, kowane gida ya fito da abin da ya samu. Su uku ne a tabarmarmu: Baba, da Baba Grema, da Liman Abbakar na masallacin unguwa. Kuma abin yana da doka, ko da yake ba wanda ya taɓa faɗinta da baki. Kwanon wanda ya fi rashi shi ake fara buɗewa tun kowa na jin yunwa, a cinye shi tas, a suɗe, don in ya koma ciki matar gida ta ga an ji daɗi. Kowa sai ya sa hannu a kowane kwano, ko loma ɗaya ce, ko miyar ba gishiri. Wanda ya janye hannunsa daga kwanon wani kuwa ya yi magana ke nan, kuma maganar ɗaya ce: ban yarda da gidan nan ba. Ko ana zargin sammu, ko ana zargin hanyar da abincin ya biyo. Langar Ya Mariama, wata tsohuwa mai tsatsa a gindi, ita ake fara buɗewa kusan kullum.

Sai daminar 2023, sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka, wadda Nijar ke cikinta tun kafin a haife ni, ta ce ba ta yarda ba. Mu a nan Sedeyawo muke ce mata, su Grema kuma Ekowas. Aka rufe iyakoki, aka sa wa ƙasa takunkumi, Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, har ana maganar turo sojoji.

Zan yi wa Baba adalci, fushinsa ba na banza ba ne. Shinkafa ta gagari talaka. Maganin ƙafar Iya muka zagaye farmasi muka rasa. Sannan mutanen da suka tsere wa yaƙi ɗaya da ƙyar, a ce musu ga wani nan tafe, kuma daga hannun ƴan'uwa? Ni ma na yi fushi. Amma na Baba ya wuce gona da iri. Unguwarmu ko turken lantarki babu, da fitilar hannu muke kwana, amma ranar da ya ji an yanke wa Yamai wuta sai ka rantse firijinsa ne ya mutu. Ya samo ƙyalle mai launin tuta ya ɗaura a wuya, ya bi samari zanga-zanga har tsakiyar gari, ya dawo murya a dishe.

Ranar da abin ya faru, burabusko na yi da miyar busasshiyar kuɓewa. Na miƙa kwano ta bakin zana na koma ina kankare tukunya. Na ji Liman ya yi bismilla, na ji ƙarar murfin langa.

"Faransi, matso mana," in ji Baba Grema. "Yau Mariama ta samu banda."

"Ba na ci," Baba ya ce.

"Ciki ne?"

"Cikina lafiya lau. Anbargo ne, takunkumi. Ku kuka fara. Kun rufe mana boda, kun yanke mana kuran, kun bar mu ba lantarki, kun hana mana magani. To ni ma na rufe tawa. Daga yau ba abin Najeriya da zai wuce maƙoshina sai ran da Sedeyawo ta ɗage nata."

Baba Grema ya yi dariya, irin tasa ta ciki-ciki. "To kifin nan dai daga Bosso yake, nan ƙasarku. Garin kuma na agaji ne. Mai tuƙawa ce kawai tamu, ita ma a Assaga haƙoranta suka zube."

"Ba wasa nake ba."

"Ni Ekowas ɗin nan ban taɓa ganin shi ba, Kalli. Dogo ne ko gajere? In ka gan shi ka nuna mini, ni ma ina da magana da shi."

Na leƙa ta ramin zana. Baba ya sa bayan hannu ya ture langar Ya Mariama zuwa gefen tabarma, ya jawo kwanonmu. Da bayan hannu, yadda ake ture kaza. A daidai lokacin masu dawowa daga kasuwa na wucewa, wasu har sun tsaya yin sallama.

"Malam Kalli," in ji Liman, "an bar jaki ana dukan taiki. Sa hannu ko loma ɗaya ce, sannan ka ci gaba da siyasarka."

"Liman, ƙasa kamar gida ce, maigida ɗaya gare ta. Don mun shiga ƙungiya ba shi ne maƙwabci zai shigo ya ce ga wanda zai riƙe mabuɗi ba. Subarante ke nan, ƴancin kai!"

"Ba wanda ya musa maka. Amma wannan tuwo ne."

Liman ya ci iya cinsa shi kaɗai, tsoho ne mai ƙaramin ciki. Baba Grema bai ƙara sa hannu ba, a nasu ko a namu. Langar ta koma gida da fiye da rabi a ciki. Da na tuna Ya Mariama za ta buɗe murfin nan, sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Iya ba ta saba ɗaga wa Baba murya ba, amma da ya shigo ta ce, "Malam, ka san abin da ka yi kuwa?" Ya ce ya sani sarai, saƙo ya aika. Ta ce, "Ga wa? Yamai ta ji, ko Abuja?" Ya ƙara wa rediyo murya.

Washegari langar ta sake zuwa, har da man shanu a kan miya, wanda Allah kaɗai ya san yadda Ya Mariama ta same shi. Baba ya sake turewa. Haka aka yi ta yi ƴan kwanaki, sai rannan Grema ya ɗaga hannu daga nesa ya shige gida, bai fito ba. Langar ma ba ta fito ba. Ni kuwa da na ga Baba da safe yana ɗura wa injin man da aka hayo da shi ta kogi a ɓoye, na ce ashe takunkumin bai shafi fetur ba. Ya ce injin ba shi da maƙoshi, in fita daga idonsa.

A tunanin Baba, kowa zai fahimci abin da ya yi yadda shi ya nufa, wato zanga-zanga ce ta mutum ɗaya. Ya manta unguwarmu ba da harshen rediyo take karanta irin wannan ba. A bakin famfo na fara ji. "Ruwa ba ya tsami banza," in ji wata. "Mutumin da suka tashi tare, shi ya tsaya mishi gaban bulama, yau ya ƙi abincinshi? Akwai abin da ya gano." Na ce musu siyasa ce, maganar Sedeyawo ce. Suka dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa ƴar da ke rufa wa gida asiri. Wata ta ce wa ya taɓa ƙin tuwo saboda Sedeyawo? Gaskiyarta kuwa. Ni kaina da nake faɗa na ji maganar ba ta shiga kunne.

Zancen ya bazu, kowa na ƙara masa gishiri. Aka ce ɗan Grema da ya ɓace tun gudun farko ba mutuwa ya yi ba, yana daji. Aka ce daga can ake aiko musu da kifi. Masu gonaki suka daina kiransa ƙwadago. Zanarsa ta yi ta shan rana a jingine ba mai tayawa. Matan da ke zuwa kitso wurin Ya Mariama suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya. A masallaci ma, in Grema ya shiga sahu sai ka ga na kusa da shi ya tuna bai gyara takalmansa ba. Ni in zan fita sai in zagaya ta bayan gida, don ba ni da idon da zan haɗa da na Ya Mariama.

Daga ƙarshe bulama ya sa aka kira su, tare da Liman, kuma daga bakin Liman na ji yadda aka yi. Bulama ya ce magana ta yi yawa, shi kuma ba ya son ta wuce hannunsa ta kai inda ba a dawowa da sauƙi. Tambaya ɗaya ya yi wa Baba: har yanzu yana tsaya wa Grema?

Kalma ɗaya ake nema. Baba ya miƙe tsaye, ya gyara ƙyallen wuyansa, ya fara lacca. Ya taɓo Turawan mulki, ya taɓo arzikin ƙasa da ake kwashewa, ya ce ƙasar da ba ta iya cewa a'a ba ƙasa ba ce. Ya ce shi ba shi da matsala da Grema, da ƙasarsu yake.

"Ƙasarsu ba ta zaune a unguwata," in ji bulama. "Shi ke zaune. Kana cin abincin gidanshi ko ba ka ci?"

Liman ya gaya mini cewa Baba ya dubi mutanen da suka taru a bakin ƙofa, cikinsu har da samarin da suka yi zanga-zanga tare, masu kiransa Baba Patiriyot, wato mai kishin ƙasa. Sannan Baba ya ce, "A yanzu dai ba na ci."

Liman ne ya ce shi ya tsaya masa, aka sallami Grema. Amma an riga an ji. Da Liman ya gama ba ni labari na shiga ɗaki na yi kuka, kuma ba tausayin Baba Grema kaɗai ba ne. Kunya ce. Uban da na tashi ina alfahari da shi, wanda ya goyi Iya daga bakin kogi har kwalta ranar gudu, shi ne ya kasa cewa e saboda idon yara.

Kada a ce bai sani ba. Ya sani. Tun daga ranar cin abincinsa ya ragu. Tabarma ta koma ta mutum biyu, ba musu ba dariya, Liman kuwa ba abokin gardama ba ne, duk abin da ka ce sai ya ce Allah ya kyauta. Sau da yawa na ga Baba tsaye a ƙofa yana gyaran zanar da ba ta lalace ba, idonsa na kan gidan Grema. Hanya ce kawai a tsakani. Amma ya riga ya ɗaure kansa da bakinsa a gaban mutane, ya ce sai Sedeyawo ta ɗage, kuma wai namiji ba ya magana biyu. Sai ya zauna yana jiran shugabannin ƙasashe su taru su ba shi izinin cin tuwon maƙwabcinsa.

Cikin sanyi aka sanar Nijar za ta fice daga ƙungiyar gaba ɗaya, ita da Mali da Burkina, sun kafa tasu. Gari ya ɗauki guɗa. Baba ya fita, amma ya dawo da wuri. Ya ce an yi daidai, har yau haka yake cewa, kuma ni ba zan yi masa gardama ba. Mai yiwuwa gaskiyarsa ce. Ni dai abin da na lura, duk murnar da ake yi a rediyo, shi a gida ba shi da wanda zai yi wa gori.

Ba a daɗe ba aka ɗage takunkumin. Baba ya ji a labaran rana, ya kashe rediyo, abin da ban taɓa gani ba, ya ce, "Falmata, je ki ce wa gidan Ingilishi na buɗe boda. Yau a kawo kwano." Yana murmushi, wai shi a dole wasa ne tun farko.

Na ce, "Baba, wannan saƙon ya fi ƙarfin bakina. Kai ka ture, kai za ka jawo." Ya daka mini tsawa. Na yafa mayafi na tsallaka hanya.

Na tarar da Ya Mariama tana ɗaure kaya a zani. Ta rame sosai. Ta tarbe ni da "Lale, ƴata," ta ba ni ruwa, ta tambayi ƙafar Iya. Na isar da saƙon ina kallon ƙasa. Ta ce, "Ki ce mishi mun gode. Langar tana ƙasan kaya, ɗaurin zai yi wuyar kwancewa." Ƙanen Grema da ke Damasak, can hayin Najeriya, ya samo musu ɗaki, da an buɗe hanya za su wuce. Na ce can ɗin ai har yanzu ba lafiya. Ta ce, "Can ko kashe mu aka yi, an san mu su wane ne."

Ranar tafiyarsu Baba ya yi sammako ya tafi gona, bai dawo ba sai da ya tabbata motar ta tashi. Ni da Liman muka raka su bakin kwalta, Iya ta dogara sanda ta tsaya a ƙofa tana share ido. Baba Grema bai ce komai a kan abin da ya wuce ba. Ya dai ce in tuna wa Baba ya canza bel ɗin injin, tun bara yake kuka.

Shekara ta zagayo, fitar Nijar daga ƙungiyar ta tabbata. Matan bakin famfo, waɗanda suka ɗauke ƙafa daga kitso, su ne yanzu ke cewa Allah sarki Mariama, mutuniyar kirki. In na ji su sai in ɗauki bokitina ko bai cika ba. Baba kuwa ya tsufa lokaci ɗaya. Ƙyallen wuyan ya koma ɗaurin hannun rediyo, rediyon ma ta kan yini a rataye. In Liman bai zo ba, a ɗaki yake cin abinci, ya juya wa ƙofa baya.

Wata safiya ya ce in dafa burabusko da miyar banda in zuba a kula, in raka shi Damasak. Ban tambaye shi dalili ba. A mota ya hana ni riƙe kular, ya ɗora ta a cinya ya rungume, dattijo da furfura, mutane na satar kallonsa. Shinge bayan shinge, a sauka a hau. A bakin iyaka wani ma'aikaci ya juya katin shaidar Baba ya tambaye shi wurin wa za shi. Ya ce wurin ɗan'uwansa. Mutumin ya ce uwa ɗaya uba ɗaya? Baba ya ce e.

Gidan ƙanen Grema na ƙasa ne, da ɗan zaure a gaba. Baba Grema ya fito, ya ƙara tsawo saboda rama, ya kama hannun Baba da hannu biyu. Aka shiga gaisuwa irin tamu mai tsawo, wushe, wushe, ya hanya, ya gida, ya ƙafar Fanna, ya Liman, ya gona, ya ruwa. Bai bar komai ba. Ina ganin Baba na jiran ɗan gurbi ya sa maganar da ya yi ta shiryawa a hanya, amma da wata gaisuwa ta ƙare sai wata ta taso. Da ya rasa yadda zai yi sai ya miƙa kular ya ce, "Falmata ce ta dafa."

Baba Grema ya karɓa da hannu biyu, ya ce madalla, Allah ya yi albarka, ya miƙa ciki. Ya Mariama ta buɗe a gabana, ta ɗanɗana, ta yaba hannuna, ta raba wa matan gidan. Aka cinye tas, aka wanke kular, aka zuba mana dabino a ciki. Da ma sun mayar mana da ita yadda muka kawo ta, da na fi samun sauƙi.

Sai na ji kukan kaza a bayan ɗaki. Mutanen nan ɗaki ɗaya gare su na aro, kazar ma ta matar ƙanen Grema ce. Na ce, "Ya Mariama, don Allah a bari, ai mu na gida ne." Ta ce, "Baƙo ya taso daga wata ƙasa, a ba shi ɗumame?" Ba da gatse ta faɗa ba, shi ya fi yi mini ciwo.

Bayan azahar aka shimfiɗa sabuwar tabarma a zaure, aka kai shinkafa da kazar gaba ɗayanta a kwanon tangaran na ajiya, da ruwan wanke hannu. Ina tsaye bayan labulen da ya raba zaure da cikin gida. Baba ya wanke hannu, ya matsa gefe ya bar wuri, ya juya kwanon yadda ɓangare mai tsoka zai fuskanci wurin da ya bari. Baba Grema ya buɗe murfi, ya ce, "Bismilla." Sannan ya miƙe, ya zura takalmansa, ya fita ya zauna a dakalin waje. Haka ake yi wa baƙo mai daraja a wurinmu, a bar shi shi kaɗai don kada ya ji nauyin cin abinci. Ba wanda zai ce an yi mana ba daidai ba. Karramawa ce cikakkiya.

Baba ya daɗe yana kallon kwanon. Ya kai loma, ya tauna da ƴan haƙoran da suka rage masa, ya haɗiye da ƙyar. Sannan ya juya wajen ƙofa, muryarsa ƙasa-ƙasa har na yi zaton ba za a ji ba.

"Grema. Shigo mana. Ya yi mini yawa."

Amsa ta zo daga waje, a hankali, ba fushi a cikinta ko kaɗan.

"Ci iya cikinka, Malam Kalli. In ka rage ba komai. Nan ba wanda zai ce wani abu."